Ƙodar da Sobdar Ya Hana

A ƙauyukan da ke kewaye da Shikarpur, duk wanda ya haura shekara arba'in ya san sunan Sobdar. Ɗan kokawa ne a zamaninsa, irin kokawar da ake murɗe zane a yi ɗamara da shi, kowa ya kama ta abokin karawarsa, sai wanda bayansa ya taɓa ƙasa. Shekara goma sha bakwai ya yi yana shiga fili, kayen da aka yi masa bai cika yatsun hannu biyu ba. Ba mai kiransa da sunansa tsirara, sai dai Pahalwan, yadda ake kiran zakarun kokawa. Har matarsa Zulekha haka take kiransa, ko da gishiri za ta ce ya miƙo mata.

Ubansa Karimdino manomin shinkafa ne a gonar wani. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara shida, yayarsa Bagul ce ta raine shi, ita da ta girme shi da shekara tara. Ita ke yi masa wanka, ita ke dukansa, ita ke ɓoye masa man ɓauna a ƙasan tukunya don ya yi ƙashi. Da aka aurar da ita ƙauyen da ke ƙetaren kwalbati, kullum da ƙafa yake bin ta. Mijinta ya rasu da wuri, ta zauna a gidansa da 'ya'yanta maza biyu tana ɗinkin barguna na ƙyallaye tana sayarwa.

In ba lokacin bukukuwa ba ne, Sobdar dako yake yi a injin casar shinkafa. Buhu biyu yake ɗauka inda wasu ke nishi da ɗaya. Bai taɓa kwanciya asibiti ba, allura ma ba ya iya tuna ranar da aka yi masa.

'Yarsa ta fari Kainat tana shekara goma sha ɗaya ta fara tashi da kumburin fuska. Ta daina cin abinci, ta daina tsere da ƙanenta Imdad, in ta dawo daga makaranta sai ta kwanta a kan gadon igiya har magariba. An yi rubutu, an kai ta ziyarar kabarin waliyyi, an sha maganin mai kanti. Da aka kai ta Sukkur likita ya duba takardar gwaji, ya ce ƙodojinta biyu sun gama aiki, su kama hanyar Karachi tun yau. A can aka sa mata roba a wuya aka fara wankin ƙoda, sau uku a mako. Suka sauka a ɗakin wani ɗan ƙauyensu mai tuƙa babbar mota, Zulekha da yarinyar a ciki, Sobdar a kan tabarma a ƙofar ɗaki.

Likitoci suka ce wanki ba zai raya yarinya mai tasowa yadda ya kamata ba, dashe ne mafita, kuma sai daga cikin dangi. Zulekha ta fara miƙa hannu, aka ce jininsu ba ɗaya ba ne, ga ta kuma da hawan jini. Sobdar ya naɗe hannun riga yana dariya, ya ce wa mai ɗibar jinin ya ɗebi son ransa, akwai da yawa. Aka yi ta gwaje-gwaje har mako uku. Komai ya yi daidai. Likitar da ke kula da masu bayarwa, Likita Nasrin, ta ce ta daɗe ba ta ga ƙodoji masu lafiya irin nasa ba. Aka sa ranar tiyata, saura kwana tara.

A zauren da masu bayarwa ke jira ne abin ya shige shi. Benci shida ne, kusan duk mata a kai: uwaye, matan aure, yayye mata, kowacce da jakar takardu a cinya. Maza ba su fi huɗu ba. Ɗaya daga cikinsu, wani mai rina gemu da lalle, ba bayarwa ya zo yi ba, matarsa ya rako za ta ba ƙanensa. Ya ƙare wa Sobdar kallo, ya tambaye shi sana'arsa. Da ya ji, sai ya girgiza kai. Ya ce ai ƙarfin namiji a ƙugu yake, kuma a ƙugun za su tsaga. Ya san wani a garinsu da ya bayar, yanzu bokitin ruwa ba ya iya ɗagawa, matarsa ma ta koma gidansu, kowa ya san dalili. Ya ce mace ba ta da asara, tana zaune a gida. Namiji kuwa da wa zai bar iyali?

Sobdar ya yi masa tsaki ya tashi. Amma maganar ta bi shi. Ya fara lura da ƙugunsa in ya sunkuya alwala. Ya ga wani da aka sallama yana tafiya a dafe da bango, ya tsaya yana kallonsa har ya ɓace. Abinci ya daina shiga. Shi da ya tsaya gaban ƙattai dubban mutane na ihu bai ji komai ba, yanzu in ya tuna za a kwantar da shi a sa masa abu a hanci ya fita hayyacinsa, sai tafin hannunsa ya jiƙe.

Saura kwana huɗu Likita Nasrin ta kira shi shi kaɗai, kamar yadda take yi wa kowa kafin a sa hannu. Ta tambaye shi ko akwai wanda ya matsa masa, ko akwai abin da ke damunsa. Ya kawo mata maganar mai jan gemu. Ta yi masa bayani dalla-dalla: zai yi wata uku bai ɗauki nauyi ba, bayan nan zai koma dakonsa, zai zauna da iyalinsa lafiya. Kokawa kam ba za ta ba shi shawarar ya koma ba. Ya saurara har ta gama, kansa a ƙasa, sannan ya ji bakinsa na cewa ba zai iya ba.

Ba ta ɗaure fuska ba, da ta ɗaure da ya fi masa sauƙi.

"Ba ma yanka wanda bai yarda ba," in ji ta. "Zan rubuta ba ka dace da bayarwa ba, ba zan faɗi dalili ba. Ba kai ne na farko ba. Amma ka sani 'yarka za ta ci gaba da zama kan inji har a samu wani."

Ya fito ya tarar da Zulekha a bakin matakala tana ɓare wa Kainat lemo. Likitar ba ta ba shi wata ƙarya ba, shi ya ƙirƙiro tasa a tsakanin ƙofa da matakala. Ya ce gwajin ƙarshe ya nuna tsakuwa a ƙodarsa ta hagu, sun ce ba zai yiwu ba. Yana faɗa sai kuka ya ƙwace masa, kuka na gaske, ƙato guda a tsaye a gaban mutane. Zulekha ta kama hannunsa tana ba shi haƙuri, tana cewa haka Allah ya so. Kainat ta miƙo masa ɓarin lemonta.

Labari ya isa ƙauye kafin kwana biyu. Bagul ta kulle ɗakinta, ta bar wa maƙwabciya awakinta, ta hau mota awa takwas. Tana da shekara arba'in da bakwai a lokacin, siririya, ba ta taɓa ganin teku ba. Ta ajiye ƙunshin gurasar shinkafa da kwalbar tsamin mangwaro, ta ce ina ne ake ɗibar jinin.

Jininta ya yi daidai, sai dai ya yi ƙaranci, dole aka ɗora ta a kan magani. Ga kuma kwamitin da zai tabbatar gwaggon yarinyar ce da gaske, ga takardu daga ƙauye, ga layi da ya wuce su. Wata huɗu aka ɗauka. A wata na uku robar wuyan Kainat ta kama ƙwayar cuta. Zazzaɓi ya rufe ta, ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta gane kowa ba. Ta tashi, amma magungunan da suka tashe ta sun tafi da jin kunnenta na dama. A duk kwanakin nan Sobdar yana zaune a baranda, ofishin Likita Nasrin taku talatin ne daga inda yake. Ya miƙe ya nufi ƙofar ya fi sau biyar. Ba wuƙar ke mayar da shi ba yanzu. Tunanin yadda zai dubi Zulekha ya ce mata babu wata tsakuwa shi ke mayar da shi kan benci.

An yi dashen da farkon sanyi. Ƙodar ta kama aiki tun a kan tebur. Cikin wata biyu Kainat ta yi kumatu, ta fara faɗa da Imdad kan kan kifi. Bagul ta koma ƙauye da tabo a gefen ciki, tana nuna wa mata in sun zo dubiya, tana cewa likitocin Karachi ba su iya ɗinki ba, da ita aka ba allurar da ya fi haka kyau.

Shi kuwa Sobdar tausayi ya tarar yana jiransa. A teburin mai shayi ana ba da labarin yadda Pahalwan ya yi kuka a asibiti da aka hana shi ba 'yarsa ƙoda. Tsofaffi na kawo masa maganin tsakuwa, wannan ruwan rake, wancan garin wani iri, yana karɓa yana godiya. Zulekha ta hana shi tumatir da alayyafo, tana auna masa ruwan sha da kofi. Shekara biyu ya yi yana kiyaye dokar ciwon da ba shi da shi.

Bikin waliyyin garinsu na shekarar da ta biyo baya, abokinsa Gulsher ya matsa masa ya shiga fili. Aka haɗa shi da wani saurayi daga Larkana. Kafin su kama, mai shela ya ɗaga murya a lasifika ya ce ga uban da ya miƙa ƙodarsa Allah bai nufa ba, ga shi da tsakuwa a ciki amma ya fito. Fili ya ɗauki sowa. Sobdar ya kama ɗamarar saurayin, ya ɗaga shi kamar buhu ya shimfiɗe. Ƙugunsa bai ko yi ƙara ba. Aka yafa masa mayafin ajrak da ake karrama gwani da shi, aka zaga da shi a kafaɗa. Daga can sama ya hango inda mata ke tsaye bayan igiya, ya ga Bagul tana tafi da hannu ɗaya a cinya, ɗayan yana dafe da gefen cikinta. Bai ƙara ɗaura ɗamara ba. Da aka tambaye shi ya ce gwiwa ce.

Daga nan ya zama ɗan aikin yayarsa. Kullum bayan ya tashi daga injin casa sai ya ƙetare kwalbati, ya ɗebo mata ruwa, ya faskara itace, ya yanko wa awaki ciyawa. Ya yaɓe mata katanga, ya sake mata rufin ɗaki. 'Ya'yanta har suka fara jin haushi, suna cewa kawu na nuna wa gari kamar su ba sa komai. Ita ma ta gaji.

Wata la'asar tana zaune a tsakar gida da bargo a cinya tana jera ƙyallaye, ya sauke tulu na huɗu, ta ce ya zauna.

"Ada, ƙanena, ƙoda na bayar, ba hannuwa ba. Me kake nema a gidan nan kullum?"

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ya daɗe yana tsinke zare daga gefen tabarma.

"Adi, yayata, ba ni da tsakuwa. Ban taɓa yi ba. Ƙodata ta dace. Tsoro na ji, na ce wa likitar ba zan iya ba."

Ya zaci za ta zage shi, ko ta ce dama ta sani. Ba ta sani ba. Ta soke allurar a jikin bargon, ta kalle shi kamar baƙo. Ta tambaye shi yaushe ne, ya faɗa mata. Ya ga tana lissafi da yatsu.

"Kafin zazzaɓin ke nan."

"Kafin shi."

"Ni ban yi asarar komai ba. Da ka zo ka ce Adi tsoro nake ji, da na rankwashe ka na je na kwanta musu, da an fara ba ni maganin jini tun ranar da kuka isa garin. Mako ukun da suka ɓata a kanka fa? Wata huɗun da ka zauna kana kallonta fa? Kunnen yarinyar nan fa?" Ta ɗauki allurarta. "Tashi ka je ka gaya wa matarka. Shekara biyu baiwar Allah tana auna maka ruwa. Kada ka ƙara taɓa mini tulu."

Ya gaya wa Zulekha washegari da safe bayan yara sun tafi makaranta. Tana murza ƙullu, ba ta dakata ba har ya gama. Ba ta yi kuka ba, ba ta tafi gidansu ba. Da rana ta dafa alayyafo da tumatir ta ajiye masa. Tun daga ranar ba ta sake kiransa Pahalwan ba, sai baban Imdad, kuma ta fi shekara ba ta yi dariya yana wurin ba. Daga ita har Bagul, babu wadda ta fitar da maganar waje. A gari ya ci gaba da zama uban da aka hana, yana amsa gaisuwar ya jiki. Bagul ta yi wata goma sha huɗu ba ta amsa sallamarsa ba. Ranar da ta sauko, aikowa ta yi a ce masa akuyarta ta faɗa rami, ya zo da igiya.

Kainat ta girma ba ta yi tsawo ba. Ta saba juyo da kunnen hagu in ana mata magana, har ɗalibanta suka san ta wane gefe za su tsaya, don malamar firamare ta zama a makarantar 'yan mata ta ƙauyen. Duk wata uku Sobdar ke raka ta Karachi a duba ta a karɓo magani. Sau da yawa sun yi kiciɓis da Likita Nasrin a baranda. Takan tambayi yarinyar jiki, ta gyaɗa masa kai, ta wuce. Shi kuma sai ya rasa inda zai sa idonsa.

Ƙodar Bagul ta yi shekara goma sha huɗu tana aiki, sannan ta fara gajiya. Da likitoci suka ce a fara neman wani, Sobdar bai jira kowa ba, ya je ya miƙa hannu. Yana da shekara hamsin da biyu, ya yi teɓa tun da ya bar kokawa. Gwajin farko ya nuna ciwon suga, har ya fara taɓa masa ƙoda. Ya roƙi matashin likitan da ya karanta masa takardar, yana ce masa Sayin, ranka ya daɗe, ka taimake ni, ka ɗauka haka nan, in na mutu ba ruwan kowa. Likitan ya ce ba a yin haka. Da ya koma ya faɗa wa Zulekha, hannu kawai ta miƙo. Ya ba ta takardar. Ba ta iya karatu ba, sai da ta kai wa wata ma'aikaciyar jinya ta karanta mata, yana tsaye yana kallo.

Imdad ne ya rage. Yana da shekara ashirin da biyu, bakanike ne na babura, an sa masa ranar aure. Ya ce zai bayar tun kafin a tambaye shi, gwaji kuma ya yi daidai. Amma ana saura mako guda Sobdar ya lura yaron ya daina gama abincinsa. Ya ja shi rumfar mai shayi da ke bayan asibiti, ya sayi kofi biyu, ya ba shi labarin tun daga mai jan gemu har zuwa takardar da uwarsa ta karɓa. Bai rage komai ba. Ya ce in tsoro yake ji ya faɗa yau, da bakinsa, a gaban kowa, shi zai tsaya masa. Abin da ba zai yarda ba shi ne ya yi shiru ya bar lokaci na tafiya.

Imdad ya daɗe yana juya kofin. Ya ce tsoro kam yana ji, amma zai yi. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, tun yana yaro yake dukan duk wanda ya ce an taɓa kayar da babansa. Ya tashi ya bar shayin.

An yi dashe na biyu lafiya. Kwana uku bayan tiyata Sobdar na zaune a gefen gadon Kainat yana mata fifita, ta hagunta. Ya fara magana, ta tare shi. Ta ce Ammi, wato mahaifiyarta, ta gaya mata tun ranar da ta gama sakandare. Ta ce ta yi shekara guda tana ƙin sa a ranta yana raka ta asibiti bai sani ba, daga baya ta gaji, don ƙiyayya da wanda ke riƙe maka jaka a tashar mota aiki ne. Ya tambaye ta ko ta yafe masa.

"Baba, ban san ko yafiya ce ba. Na dai daina tunaninta. Ka ɗan ɗaga mini matashin nan."

Yanzu Sobdar ya kusa sittin. Ya bar dako, gadi yake yi a injin casar da ya yi ƙuruciyarsa a ciki. Bagul na nan da ranta, idonta ya rage gani, jikokinta ke zura mata zare. Imdad ya yi aure ya haifi biyu, yana gaida ubansa da ladabi kullum safe, hirarsu ba ta wuce minti biyu. Da yake Sobdar ya san hanyar Karachi da kowace taga ta asibitin, duk gidan da aka samu mai ciwon ƙoda a yankin shi ake nema ya raka su. Ba ya ƙi. Yakan zauna da mazan gidan a mota, in ya ji sun fara cewa ai uwar yaron za ta bayar, ko ai akwai ƙanwarsa, sai ya ce a gwada kowa, maza da mata. Wasu su ji, da yawa ba sa ji. Sau biyu kacal ya iya buɗe baki ya gaya wa wani baƙo abin da shi ya yi. A ƙauyensu kuwa har yau bai faɗa ba.